Kowa ya ci rabon gona, ya ci ambaliyarta

Ranar wata Talata ce, a ƙarshen watan Yuli na 2023. Ina tsaye a rumfar rabon kaya ta gonar da muke karɓar kayan lambu, a kwarin kogin Connecticut da ke yammacin jihar Massachusetts a Amurka. Teburan da aka saba cikawa har kaya na zubowa ƙasa, rabinsu wayam. A jikin allo an rubuta da alli abin da kowa zai ɗauka: tafarnuwa kai biyu, albasa ɗauri ɗaya, kabeji ɗaya, sai ɗan ganye daga gonar tudu. Ba karas, ba gurji, ba dankali.

Sai ga wata mata ta shigo da jakarta ta yadi. Ta karanta allon, ta sake karantawa, ta nufi mai gonar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi zagi ba. Cewa ta yi ta biya kuɗin kaya na mako ashirin, wannan kuwa ba shi ne abin da ta biya dominsa ba, don haka a lissafa ragowar makonnin a mayar mata da kuɗinta.

Mai gonar ita ma mace ce. Tana sanye da takalmin roba, busasshen taɓo har gwiwa. Mako biyu ke nan da kogi ya kwana a gonarta. Ta ce wa matar to, za su yi magana, ta juya ta ci gaba da jera albasa.

Ni kuwa na daskare da tafarnuwa a hannu, raina na tafasa. In na fusata Turancina guduwa yake yi, shi ya sa ban ce uffan ba. Abin ya daɗe yana cina, kuma abin da na kasa faɗa ranar shi zan faɗa yanzu da harshen da ba ya gudu ya bar ni.

Matar nan ba ta da gaskiya. Wanda ya ɗauki kuɗinsa ya ba manomi tun ƙanƙara na rufe da ƙasa, rabo ya shiga a daminar wannan shekara, da albarkarta da masifarta. Babu wanda ya yi masa alkawarin kwando cikakke kowane mako. Kuma duk da aibin da tsarin yake da shi, wanda ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin hanyar da ta haɗa mai noma da mai ci a kan adalci kamar wannan ba.

Yadda abin yake

Turawa suna taƙaita sunansa da CSA, wato noman da jama'a suka tsaya wa. Ni gonar rabo nake ce masa. A watan Janairu ko Fabrairu kowane gida zai biya kuɗin rabonsa na shekara. Mu dala 700 ne a waccan shekarar, aka yi min ragi saboda ina zuwa aikin awa huɗu kowane mako. Da wannan kuɗi mai gona ke sayen iri da taki, ta gyara tarakta, ta biya ma'aikata a watannin da babu abin sayarwa ko ganye ɗaya. Daga Yuni zuwa Oktoba kuma kowa ya zo duk mako ya ɗauki kasonsa daga abin da gona ta bayar.

Ba sabon abu ba ne. A Japan, inda ake kiransa teikei, iyaye mata ne da suka tsorata da guba a abinci suka nemi manoma ido da ido, kuma ƙungiyar da ta ɗauki tsarin aka kafa ta a 1971. A Amurka wani baƙar fata malamin aikin gona a jami'ar Tuskegee, Booker T. Whatley, ya daɗe yana ba ƙananan manoma shawarar su tara mutanen gari masu biyan kuɗin shiga tun farkon shekara. Gonaki biyu na farko da suka ɗauki tsarin yadda aka san shi yau sun fara ne a 1986: Indian Line a nan Massachusetts, da Temple-Wilton a maƙwabciyarmu New Hampshire. Faransa ta bi sahu a 2001.

Abin da Yuli ke nufi ga mai lambu

Da matar nan ta taɓa durƙusawa a kunyar karas ko na awa ɗaya, ina jin da bakinta ya yi mata nauyi.

Bazararsu ba irin tamu ba ce. Zafi da ruwan sama tare suke zuwa, ita ce daminarsu, kuma gajeriya ce, don sanyi mai ƙona yabanya yana iya sauka har tsakiyar Mayu, ya kuma dawo a farkon Oktoba. A Yuli rana na fitowa biyar da 'yan mintuna, ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi. Ranar da nake da aiki, in na idar da asuba wajen ƙarfe huɗu, komawa barci ba shi da amfani.

Ƙarfe shida an shiga gona. Ganye ake fara yanka, latas da danginsa, tun raɓa ba ta bushe ba, don in rana ta taɓa shi ya yi yaushi ke nan. Ana yanka ana tsomawa a babban baho na ruwan sanyi, daga nan sai ɗakin sanyi. Sai a koma kan zukini, wata doguwar kabewa koriya mai kama da gurji. Ita ba ta san Lahadi ba. In aka tsallake ta kwana biyu sai a tarar ta zama taɓarya, ba mai so. Ganyenta kuma ƙaiƙayi gare shi, hannuna har gwiwar hannu ya yi ta zuga har dare.

Tumatir a lokacin bai nuna ba tukuna, amma shi ya fi kowa cin lokaci. Ana ɗaure shi a jikin igiya yana hawa, ana tsinke 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye don kada ya zama daji. Bayan awa biyu yatsu sun yi baƙi ƙirin, in aka sa sabulu kumfar ta fito ruwan ɗorawa. Dankalin Turawa kuma yana da wani ƙwaro mai zane a baya. Tunda gonar ba ta fesa maganin ƙwari na kamfani, bi ake yi ganye-ganye ana juyawa, ana murje ƙwansa da yatsa, ana karkaɗe tsutsarsa a gwangwanin ruwan sabulu. Ranar farko na yi ƙyama. Mako na uku ina yi ina hira.

Amma karas shi ne jarrabawa. Irinsa ba ya saurin tsirowa, kafin ya leƙo ciyawa ta riga shi. In ya fito kuma siriri ne kamar zare, fartanya ba ta isa ta shiga tsakaninsa ba. Sai dai gwiwa a ƙasa, da yatsa biyu, a cire ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗaga kai ka hango ƙarshen kunya can nesa, ka sake ɗagawa bayan rabin awa ka ga kamar an ƙara mata tsawo. Ga zafi mai ɗanko, wanda gumi ba ya bushewa. Ni da na tashi a Kano na ɗauka ba abin da rana za ta nuna min. Ashe zafin da ba iska daban ne.

A wannan kunyar na saba da wani dattijo ɗan Jamaika, wanda ya fi shekara ashirin yana zuwa aikin damina a wannan kwari yana komawa gida in sanyi ya shigo. Baba nake ce masa, ya ce sunan ya yi masa. Wata rana na ga ana tuge wata ciyawa ana zubarwa, na duba da kyau, sai na ga ai rukuɓu ne, ɗan uwan alayyafo. Na fara tarawa a gefen zanena. Baba ya dube ni ya fashe da dariya, ya buɗe bokitinsa, ashe shi ma tarawa yake yi. Kalalu suke ce masa a can. Tun daga ranar muke raba shi biyu, yaran Turawan da ke koyon noma suna kallonmu kamar masu cin dafi.

Abin da ya sa Yuli ta fi kowane wata wuya shi ne komai a lokaci ɗaya yake zuwa. A gonar gero akwai lokacin shuka, da na noma, da na maimai, da na girbi, kowanne da watansa. A nan kaya sun kai iri arba'in. Da safe girbi, da hantsi cirar ciyawa, da yamma shuka da dashen abin da za a ci a Oktoba, ga ban ruwa in sama ta yi kwana biyar ba ta zubo ba. Mai gonar ta taɓa ce min a Yuli ba ta yin lissafin abin da za ta yi, lissafin abin da za ta bari ya lalace take yi.

Duk wannan aiki an riga an yi shi a shekarar 2023 kafin ruwa ya zo. An cire ciyawar karas ɗin. An murje ƙwaron dankalin.

Ruwan da ba a nan aka yi shi ba

Ranar 10 ga Yuli aka tafka ruwa a jihar Vermont da ke arewa da mu, har babban birninta Montpelier ya nutse. Wani ɓangare na ruwan ya gangaro ta kogin Connecticut. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan nan ya fara hawa fadamun Hadley da Hatfield da Northampton da Deerfield, inda ƙasar noma mafi kyau a duk yankin take, kuma kyanta daga kogin nan ya samo asali.

An sami 'yan awoyi na gargaɗi. Mai gonar ta aika saƙo duk mai hannu ya zo. Muka tuge tafarnuwa da gudu, wadda aka shuka tun kakar bara ta yi wata tara a ƙasa, muka loda a tirela aka kai tsohon rumbun shanya taba da ke kan tudu. Tafarnuwar da ke hannuna ranar Talatar nan ita ce.

Sauran kuwa ruwa ya rufe. Bayan ya janye, wani kabejin yana nan tsaye kamar ba abin da ya same shi. Amma dokar abinci ta Amurka ta ce duk amfanin gonar da ruwan ambaliya ya taɓa ɓangaren da ake ci, ba a sayar da shi don ci, saboda ruwan ya kwaso bahaya da mai da dattin masana'antu. Haka aka sa tarakta ta bi ta kai. Warin ruɓaɓɓen dankali a cikin laka, wanda ya shaƙe shi ba ya mantawa.

Gwamnatin jiha ta ware dala miliyan 20 don manoman da masifun shekarar suka shafa, amma irin wannan kuɗi ba ya zuwa ranar biyan albashi. Inshorar amfanin gona ta ƙasar kuma an gina ta ne a kan masu masara da waken suya da alkama da auduga, masu dubban eka na abu ɗaya. Mai kaya iri arba'in a 'yan ekoki ba kasafai take shiga inuwarta ba. Inshorar mai gonarmu ta gaskiya mu ne, gidajen da suka biya a Fabrairu.

"Ai wannan falle ne"

Da na ba Yayana labari a waya, dariya ya yi. Shi manomin tumatir ne na rani a wajajen Kura. Ya ce, "Ƙanwata, kin je ƙasar Turawa kin gano falle. Mu da muke gudunsa."

Na ce, "Yaya, a falle in gona ta ƙi, wa ke kwana da bashi?"

Ya yi shiru, ya ce manomi mana.

To a nan bambancin yake, kuma ba ƙarami ba ne. Mai ba da falle yana zuwa ne lokacin da rumbu ya ƙare, ya ba da kuɗi a kan buhu da farashin da ya san bai kai na kaka ba. In an yi albarka ya ci riba, in an yi fari yana bin bashi. Ta kowace fuska ba ya faɗuwa. A gonar rabo kuɗin da aka biya ya biyu. In shekara ta yi kyau, mai rabo ya kwashi tumatir har ya rasa inda zai sa, kamar yadda muka yi a shekarar da ta gabaci ambaliyar, na cika firiza na raba wa maƙwabta. Ban ji ranar wani ya ce a ƙara masa kuɗi ba saboda kaya sun fi abin da ya biya. In shekara ta ƙi, asarar ta rabu gida ɗari biyu, kowa ya ɗauki abin da ba zai karya shi ba.

Na tuna wa Yaya shekarar 2016, da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Wa ya raba asarar da shi? Mu mutanen gari ƙorafin tsada muka yi, muka koma na gwangwani da na leda. Shekarar da kaya suka yi yawa kuma, kwando bai biya kuɗin motar kai shi 'Yan Kaba ba, ya yanka ya shanya a bakin titi. A yawa shi ke faɗuwa, a rashi shi ke faɗuwa. Ko a Amurka, lissafin ma'aikatar gona ya nuna abin da ke isa gona daga kowace dala da aka kashe a kan abinci bai wuce wajen santi 15 ba.

Yaya ya ce to wa zai ba shi kuɗi a Nuwamba ya yarda ba zai sayar wa dillali kayan a ɓoye ba in farashi ya hau? Tambaya ce mai kyau, kuma kansa ya fara tuhuma kafin ya tuhumi kowa. Na bar masa ita.

Hujjar da ta fi ba ni wuya

Ba daga waje ta zo ba, daga cikin gida ta zo. Abban yara ya yi karatun zaure kafin boko, kuma yana jin daɗin ya ga na ƙure. Da na gama bambamina a kan matar, sai ya ce, "Ke da kike jin haushinta, a fiƙihun da muka karanta ita ce mai gaskiya."

Ya kawo hanin da aka yi na sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana. Ya ce ko cinikin salam, inda aka yarda a biya kuɗi kafin kaya, sai an san mudu nawa ne, wane iri ne, yaushe za a kawo. Sannan ya ɗauko Risala, inda aka yi maganar annobar da ke faɗa wa amfanin gona bayan an saya: in ta cinye sulusi ko fiye, ana sauke wa mai saye gwargwadon haka daga kuɗin, a kayan ganye ma an ce ana saukewa ko kaɗan ne. Ya ce, "To ambaliya ta ci fiye da rabi. Ki ba ni amsa."

Na kwana biyu ina juya maganar. Fatawa aikin malamai ce, ni ba ita nake bayarwa ba. Amma ga abin da na gani.

In ciniki ne, ya yi gaskiya, ita ma ta yi. Sai dai asalin tsarin ba a kan ciniki aka gina shi ba. A Temple-Wilton manoma kan kawo lissafin abin da gona za ta ci a shekara su shimfiɗa gaban jama'a, kowane gida ya faɗi abin da zai iya ɗauka har kuɗin su cika, sannan kowa ya ɗebi abinci gwargwadon bukatarsa. Ba a sa wa karas farashi ba. Gonar ake ɗauke wa nauyi. Wannan ya fi kama da mutum ya ba wani jari ya juya: in an faɗi ba da sakaci ba, mai dukiya ya yi asarar dukiyarsa, mai aiki ya yi asarar guminsa. Mai gonarmu ta yi asarar gumin wata huɗu. Neman ta haɗa da mayar da jari, ɗora mata kaya biyu ne.

Duk da haka maganar Abban yara ta sa na sassauta a wuri ɗaya. Gonaki da yawa yanzu suna tallata rabonsu kamar kanti, da hotunan kwanduna maƙil da tumatir ja wur, maganar asara kuma a can ƙasa da ƙananan haruffa. Wasu ma ba manoma ba ne, 'yan kasuwa ne masu sarin kaya daga ko'ina su zuba a kwali su ara sunan. Wanda ya sayar da abu da sunan ciniki, kada ya yi mamaki in an bi shi da hukuncin ciniki. Amma a takardar gonarmu maganar tana sama da wurin sa hannu, da manyan haruffa: za ka raba albarka, za ka raba asara. Matar ta sa hannu a ƙarƙashinta kamar yadda na sa.

Zukini har ya fita ta hanci

Akwai masu cewa ba za su biya kuɗi a zaɓa musu abin da za su ci ba. Wannan ba ta dame ni sosai ba. Gaskiya ne akwai makon da za a ba ka zukini shida da wani ganye mai tauri dangin kabeji da suke kira kel, alhali kai attaruhu da kuɓewa kake mafarki. Na koyi jefa zukini a miyar taushe, kel kuma in an tafasa shi aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ba ya jin kunya a gaban zogale. Kakanninmu ba su taɓa cin ɗanyar kuɓewa a watan Maris suna ganin hakkinsu ne ba. Wanda ba zai iya ba, kanti na nan a buɗe, ba wanda ya hana shi.

Inda tsarin yake da rauni

Dala 700 a dunƙule a tsakiyar hunturu, lokacin da kuɗin ɗumama ɗaki ke cin albashi, ba kowa ke da ita ba. Kuma gonar sai da mota. Yawancin Talata ni kaɗai ce baƙa a rumfar, ni kaɗai ce mai lulluɓi, alhali garuruwan Holyoke da Springfield, inda talakawa suka fi yawa, ba su da nisa. Ana ƙoƙari: gonarmu tana da farashi hawa-hawa, mai hali ya biya sama don marar hali ya biya ƙasa, kuma tun 2017 jihar tana da shirin da ke mayar wa masu katin tallafin abinci kuɗin da suka kashe wajen manoma, har da gonakin rabo. Amma duk wanda ya ce wannan tsari ne zai ciyar da talakan Amurka, bai tsaya a layin rumfar ya kalli motocin da ke fakin ba.

Rauni na biyu ya fi wannan, kuma shi ne ba a son faɗa. Ana yawan maganar zumunci tsakanin mai gona da mai ci, ana manta wanda ke durƙushe a kunya. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 ta cire ma'aikatan gona daga kuɗin ƙarin lokaci. A Massachusetts, a shekarar ambaliyar, mafi ƙarancin albashi dala 15 ne a awa, amma na ma'aikacin gona dala 8. Mai gonarmu tana biyan fiye da haka nesa, na sani don Baba ya faɗa min. Sai dai alherinta ne, ba tilas ba. Kuma cikin masu rabo ɗari biyu, nawa ne suka san sunan Baba? Sun san sunan karen gonar.

Amma a nan ne ma maganar mayar da kuɗi ta fi ba ni haushi. Kuɗin da matar ke nema ba ya cikin wani asusu yana jiranta. An sayi iri da shi a Maris, an zuba shi a ƙasa, kogi ya tafi da shi. Abin da ya rage shi ne na albashin Agusta da Satumba. Mai gona ba za ta rage wa banki ba, ba za ta rage wa mai sayar da man tarakta ba. Wurin da kawai za ta iya matsawa shi ne awoyin Baba da abokan aikinsa, mutanen da suka baro iyalinsu da lissafin abin da za su koma da shi a Nuwamba. Kowace dala da ta koma jakar yadin nan, daga aljihunsu za ta fita. A gonakin da ke sayar wa manyan kantuna, inda ba kaya ba kuɗi, ma'aikata da dama sun zauna ba aiki a makonnin nan. A tamu ba a sallami kowa ba.

Mako guda bayan abin, muna durƙushe ni da mai gonar a gonar tudu, inda aka sake shuka karas a gurguje ko za a samu kafin sanyi. Ƙasar tudun tsakuwa ce, ba ta kama ƙafar ta fadama ba. Na daure na tambaye ta yadda suka ƙare da matar.

Ta ce ta mayar mata. Ita da wasu gida biyu.

Na ce don me, bayan ga takarda ga sa hannu?

Ta ce ba ta da ƙarfin jayayya a Yuli. Ta ƙara da cewa wasu gidajen, ba tare da ta roƙa ba, sun aiko da kuɗin rabon baɗi tun yanzu, har wani tsoho ya haɗo da 'yar takarda yana ba da haƙuri wai bai iya zuwa tugar tafarnuwa ba saboda ƙugunsa.

Daga can ƙarshen kunya Baba ya ɗaga murya, wai mu rage surutu, ciyawa ba ta jin Turanci. Ya ɗago wani dogon rukuɓu yana kaɗa min shi, ya jefa a bokiti.